Tambaya: ya ake ciro magani daga ganye?

Ummu_Khalil:
Salam jama'a. Don Allah masu ilimin haɗa magunguna tambaya gare ni. Kullum sai ka ji ganye kaza yana maganin cuta kaza tun kaka da kakanni, to me ya hana a maida shi ƙwaya kawai? Ko kamfanoni ne ba sa so?

Abu_Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ana yi, kinin, maganin maleriya, ma daga ɓawon itacen cinchona aka ciro shi a Faransa a 1820. Wahalar ita ce ganye ɗaya sinadaran cikinsa sun fi a ƙirga, sai an jiƙa an tace an raba kashi-kashi ana gwada kowanne a kan ƙwayar cutar har a kama wanda ke aikin, wani lokacin ma ana gama rabawa sai a nemi aikin a rasa.

Malama_Zee:
Yaya Abu ka manta da Tu Youyou ta China. Ita da abokan aikinta sun bi haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000 suna neman maganin maleriya. Artemisia annua, dangin tazargade, yau ta yi aiki gobe ta ƙi, ashe tafasawar da suke yi ce ke lalata sinadarin. A wani littafin likitanci na ƙarni na 4 ta ga an ce a jiƙa a ruwa a matse a sha, babu zancen wuta, shi ne ta koma tacewa da wani ruwan sinadari mai suna ether ba zafi sosai, a 1972 suka ware sinadarin da ke aikin, wato artemisinin, a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Ni a ganina mutanen zamanin da sun san abinsu wallahi, sai dai ba su da hanyar auna yawan sinadarin ne.

Dan_Lab:
Amma fa kar mu zaƙe. Furen periwinkle na Madagaska don ciwon suga ake shan sa, da aka gwada a dabbobi sugan bai wani sauka ba, fararen ƙwayoyin jini ne suka zube, daga nan aka samo vinblastine da vincristine na kansa. Abin da zai iya yi wa jini haka guba ne in ba a auna ba, shi ya sa dole a bi ta dabbobi sannan mutane mataki-mataki, shekaru ake ɗauka kuma yawanci a hanya suke faɗuwa.

Ummu_Khalil:
Ikon Allah. To masu maganin da suka nuna ganyen tun farko, suna samun wani abu?

Malama_Zee:
A takarda dai eh, yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce a nemi izini kuma a raba amfani da su. Amurka ma ba ta cikinta.