Masai yana yoyo ta bango, dole sai an fasa tayil?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a unguwar Arkilla da ke Sakkwato, kuma banɗakin baƙi na gidana irin na zamanin nan ne: tankin yana ɓoye cikin bango, masan a rataye bai taɓa ƙasa ba, farantin dannawa kawai ake gani. Mako 3 ke nan duk aka danna sai ruwa ya gangaro ta ƙarƙashin masan ya kwanta a tayil. Idan ba a danna ba, ƙasa a bushe take. Yanzu fentin falo da ke bayan bangon ya fara kumbura. Wanda na kira ko kayan aiki bai buɗe ba ya ce sai an fasa. Tayil ɗin kuwa na zaga shaguna ban samu irinsa ba. Mene ne abin yi?

Mai gyaran famfo daga Mabera: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka bari a ɗaga guduma tukuna. Tunda sai an danna yake zuba, tankin lafiya lau yake. Bututu biyu ne ke shiga bayan masai: ƙarami a sama, mai milimita 45, shi ke kawo ruwan kora; babba a ƙasa, 90 ko 110, shi ke fitar da ƙazanta. Ka fara gano mai laifi. Ciko bokiti ka sheƙa cikin masan ba tare da ka danna ba. In ruwa ya fito, babban ne. In bai fito ba, cire farantin, zuba bula cikin tankin, ka danna. Ka ga shuɗi a ƙasa, to ƙaramin ne.

Wata Hajiya: Ni dai silikon aka zagaye min da shi ya daina.

Mai gyaran famfo: Hajiya, bai daina ba, hanya ya sauya. An toshe masa gaba, sai ya koma cikin bulo. Ki leƙa bayan bangon.

Mai tambaya: Na gwada, Malam. Bokiti 2 babu ko ɗigo. Da na danna, shuɗi har bakin ƙofa.

Mai gyaran famfo: To aikin awa guda ne. A rufe makunnin ruwan da ke cikin tankin, ta ramin faranti ake kai hannu. A danna tankin ya zama fanko. Noti 2 ne ke riƙe masan, a kwance su, mutum biyu su zaro shi a hankali don yana da nauyi. Za ka tarar robar bakin ƙaramin bututun ta bushe ko ta naɗe. Zafin Sakkwato da ruwan burtsatse ba sa barin roba ta daɗe. Amma abin da na fi gani shi ne wanda ya ɗaura tun farko ya yanke bututun ya gaza, da ƙyar yake taɓa robar. In haka ne, sabuwar roba ba ta magani, sai sabon bututu, a auna, a goge bakin yankan kar ya ci robar. A shafa sabulun ruwa wajen turawa. Ban da basilin ko man inji, suna lalata roba.

Wani dattijo daga Runjin Sambo: Ka tahi da tsohuwar robar kasuwa a hannunka, ɗana. Ta kamfanin Geberit daban, ta kamfanin Grohe daban, 'yan China kuwa kowace da girmanta. Kuma in har ta kai ga fasawa, a fasa ta falo. Filasta da fenti kowa na iya mayarwa.

Mai tambaya: Alhamdu lillahi, jiya aka sauke. Bututun ya gaza da kusan faɗin yatsa, robar kuma a karkace. An sa sabo, mun danna sau 10 kafin a ɗaure notin gaba ɗaya. Allah ya saka da alheri, Baba da Malam. Fentin falon zan bar shi ya sha iska zuwa hunturu.