Ina son koyon tausa da gyaran jiki na mata, daga ina zan fara?

Maman Nana: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. A Kano nake, ina da ɗaki guda a gida da nake son mayarwa wurin tausa da gyaran jiki na mata zalla. Hanya biyu ce a gabana. Akwai masu tallar kwas na sati biyu a Instagram, sun ce har da satifiket. Akwai kuma wata Hajiya mai gyaran amare da ta ce in zauna a wurinta wata shida, sai dai ita ta fi ƙwarewa a dilka da halawa da turare, tausarta kaɗan ce. Jarina bai taka kara ya karya ba, ba na son ya salwanta. Wanne zan ɗauka, kuma me zan fara saya?

Malamar Tausa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sati biyu zai nuna miki yadda ake motsa hannu, amma ba zai sa hannun ya faɗa ba. A jihohi da dama na Amurka sai mutum ya yi awa 500 ko fiye na karatu da aiki kafin a ba shi lasisi. Saboda haka kafin ki biya kowa, ki tambaye shi awa nawa za ki yi da hannunki a jikin mutum malama tana tsaye a kanki, ko suna koyar da tsarin ƙashi da tsoka da jijiyoyi, da kuma wace hukuma ce ta san da takardarsu. In sun ce suna da alaƙa da CIDESCO ko ITEC ko CIBTAC, wato hukumomin ƙasashen waje masu ba da takardar shaidar wannan sana'a, ki shiga shafin hukumar ki duba sunan makarantar da idonki.

Tushen aikin shi ne tausar da ake kira ta Suwidin, motsi biyar ne. Shafa mai tsawo da tafin hannu, da ita ake buɗewa ake rufewa. Sai matsa tsoka ana ɗagowa ana murzawa kamar kwaɓin fulawa. Sai murza wuri guda da babban yatsa inda tsoka ta ƙulle, sai bubbugawa da gefen hannu, sai girgizawa. A hannu da ƙafa, nauyin hannunki ya riƙa tafiya sama wajen zuciya, a dawowa ki sassauta, domin ta nan jini ke komawa. Ana iya raba awa ɗaya haka: baya minti 20, bayan ƙafafu 10, sai wadda ake yi wa ta juya, gaban ƙafafu 10, hannuwa 10, wuya da kafaɗa da kai 10. Kada ki danna kan ƙashin baya, tsokar gefensa ake bi. Bayan gwiwa, hammata, matsematsi da gaban wuya ba a zurfafa hannu, manyan jijiyoyi suna kusa da fata.

Abin da ya fi korar sababbi daga sana'ar nan ciwon babban yatsa ne da wuyan hannu da ƙugu. Dalili, suna matsawa da ƙarfin yatsu. Ki raba ƙafafunki, ɗaya gaba ɗaya baya, ki ɗan lanƙwasa gwiwa, ki bar nauyin jikinki ya sauka ta miƙaƙƙen hannu. Wurin da ke son ƙarfi ki sa damtse ko dunƙulen hannu.

Anti Nas: Maman Nana, ni abin da nake roƙonki ki fara koya shi ne wadda ba za ki taɓa ba. Duk makarantar da ba ta koyar da wannan, ki riƙe kuɗinki.

Mafi hatsari shi ne gudan jini a jijiyar ƙafa. Alamarsa ƙafa ɗaya ta kumbura, sharaɓa ta yi ɗumi tana ciwo, ɗayar kuma lafiya lau. Mace za ta zo ta ce miki jijiya ce ta riƙe, a murza mata. In kika murza, gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu, numfashi ya sarƙe nan take. Waɗanda ya fi kamawa su ne masu ciki, masu jego musamman sati shida na farko, wadda aka yi wa tiyata, mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, da wadda ta daɗe a zaune cikin jirgi ko mota, irin masu dawowa daga Umara. Wannan asibiti za ta tafi a ranar, ba gobe ba.

Mai zazzaɓi ba a yi mata tausa. Mai sikila da ciwo ya tashi asibiti take buƙata. Ki ajiye na'urar awon hawan jini, in kika ga 180 bisa 120 ko sama ki tura ta wurin likita. Mai ciwon suga da ya daɗe sau da yawa ba ta jin zafi sosai a tafin ƙafa, za ki iya ƙona ta da ruwan zafi ko dutsen tausa mai zafi tana ce miki babu komai. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ɗan matsi kaɗan jini zai kwanta mata. Makero, ƙazuwa, maruru da buɗaɗɗen rauni kuma ke za ki kwasa ki raba wa wasu. Mai ciki da ya fito, a gefe ake kwantar da ita, da filo tsakanin gwiwoyi, a tausasa hannu. Ki buga takarda mai waɗannan tambayoyin, kowa ta amsa kafin ta hau gado, ko da yayarki ce.

Hajjo Mai Dilka: Ni dai na ce ki je wurin Hajiyar nan. A garin nan amare da masu jego ne kasuwa, kuma dilka da halawa suke tambaya kafin tausa. Aikin daga Sudan ya zo mana ta Maiduguri, a hannu ake koyonsa. Tausar sai ki nemi makaranta daban ki haɗa.

Halawa: sukari kofi biyu, ruwan lemon tsami kwatan kofi, ruwa kwatan kofi, a wuta kaɗan har ta yi kalar zuma. Ki ɗiga a ruwan sanyi, in ta dunƙule tana lanƙwasuwa ta yi. In ta narke da saura, in ta yi tauri tana karyewa ta zarce. Da bazara ki ƙara mata ɗan lokaci a wuta don zafi na sakin ta, da hunturu ki sauke da wuri. Ki gwada zafinta a wuyan hannunki. Gashi ya kai kamar rabin santimita, fata a bushe, a barbaɗa hoda. Ki shimfiɗa ta kishiyar inda gashi ya kwanta, ki ja fatar da ɗaya hannun, ki fizge ta inda ya kwanta, hannunki a kwance kusa da fata. Masu fizgewa sama su ke jawo kwanciyar jini da karyewar gashi. Kada ki wuce sau biyu ko uku a wuri guda.

Ki tambayi kowa man da take shafawa. Mayukan bilicin da yawa suna da sinadarin sitiroyid mai sa fata ta yi siriri, halawa sai ta taho da fatar. Irin wannan a haƙura da halawa, dilkar ma a bi a hankali. Bayan halawa a bar jiki kwana ɗaya babu dilka, babu turare, babu ruwa mai zafi sosai. Ta amarya kuma a gama kwana biyu ko uku kafin biki, don ja da ƙuraje su kwanta. Wajen turara jiki kada ki rufe ɗaki ruf da garwashi a ciki, iskar gawayi ba ta da wari amma tana sumar da mutum, har ta yi kisa. Taga a buɗe, kan mace a waje da bargo, mai asma kuma a ɗauke mata.

Maman Nana: Allah Ya saka da alheri. To in mai ciwon baya ta zo, ko wadda ɓarin jikinta ya shanye, zan iya karɓa? Tuni maƙwabta sun fara tambaya.

Yaya Mai Gashin Ƙashi: A'a ƙanwata, nan iyakarki take. Gajiya da riƙewar tsoka naki ne. Shanyewar ɓarin jiki, targaɗe sabo, gocewar ƙashi, da ciwon baya mai sauka ƙafa da mutuwar yatsu aikin masu gashin ƙashi ne, waɗanda suka yi digiri na shekara biyar ko fiye a wurare irin su Jami'ar Bayero, kuma hukumar MRTB ce ke ba su lasisi. Kafaɗar wadda ta samu shanyewa sakakkiya ce, jan hannun kawai yana iya gotar da ita. In ciwon baya ya zo da kasa riƙe fitsari, ko rama, ko zazzaɓi, a tafi asibiti da gaggawa. Kada ki rubuta a allonki cewa kina warkar da wata cuta, kada ki koyi ƙas-ƙas ɗin wuya daga bidiyo.

Malamar Tausa: Batun kaya, kada ki fara da injina. Gado mai ramin fuska, faɗinsa kamar santimita 70 zuwa 75, tsayinsa ya zo daidai dunƙulen hannunki in kin tsaya kin saki hannu. Kafinta zai iya yi, a sa katifa mai tauri da leda mai gogewa. Sai zannuwan gado da tawul masu yawa, filo biyu, da na'urar awon zafi in za ki yi aiki da duwatsu. Ruwan da ake ɗumama su a ciki ya tsaya tsakanin digiri 49 da 54 na Salshiyos, kuma ba a ajiye dutse a kan fata tsirara, sai da tawul. Mace a rufe take, wurin da kike aiki kaɗai ake buɗewa.

Man kwakwa, man riɗi ko man zaitun sun wadatar, kamar mililita 30 ya ishi jiki guda. Man kaɗanya ya fi da hunturu, a narka shi a tafin hannu. Man gyaɗa ki tambaya tukuna, wasu jikinsu ba ya ɗauka. Mayuka masu ƙarfi irin na na'a-na'a da kanumfari ba a shafa su zalla: ɗigo 12 a mililita 30 shi ne kashi biyu cikin ɗari, tsofaffi da masu fata mai laushi ɗigo 6, na kanumfari ƙasa da haka ma. Sabon haɗi a gwada a cikin damtse a jira awa 24. Man zafi kuma ba a bin sa da ruwan zafi ko dutse, ƙuna yake yi.

Kowace mace da nata zanin da tawul, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Ledar gado a goge da Jik mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa, sabon haɗi kullum. Farce a yanke, zobe da awarwaro a cire. In kin tashi buɗewa ki yi wa sunan shagon rajista a CAC, in kuma za ki riƙa ƙulla dilka ko mai kina sayarwa, wannan sai da lambar NAFDAC.