Sauya launin maɓalli idan an latsa shi a Android

Masu haɗa manhaja da yawa sun tsaya kan hanya ɗaya: a ƙirƙiri fayil ɗin selector (fayil mai zaɓa wa maɓalli launi gwargwadon yanayinsa) a cikin folda ta res/drawable, a sa layi biyu, na sama mai state_pressed="true" (wato an latsa maɓallin) da launin latsawa, na ƙasa da launin yau da kullum. Jerin nan ne ke kayar da mutane. Android na ɗaukar layin da ya fara dacewa, don haka in na kullum ya hau sama, launin ba zai motsa ba.

Mai amfani da MaterialButton (wani nau'in maɓalli na Android) sai ya ajiye nasa selector ɗin a folda ta res/color, ya haɗa shi da backgroundTint, wato saitin launin bayan maɓallin. Kiran setBackgroundColor (umarnin sauya launin baya) cikin onClick (aikin da ke gudana bayan an latsa maɓallin) kuwa yana da matsala, domin sai an ɗaga yatsa launin ke sauyawa, kuma ya zauna haka.