Tarihin Amurka a ƙarni na 19: ta ina za a ɓullo wa ɗalibai?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum malamaina. Ina neman shawara kan yadda za a tsara darasin Amurka daga 1800 zuwa 1920, wato mamaye yamma, masana'antu da kwararowar baƙi. A raba su uku ne ko a haɗe?

Malam Garba: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki raba, domin idan kika raba yara za su haddace shekaru ba tare da sun ga abin da ya ɗaure su ba. Ki fara da taswira. A 1803 an sayi yankin Luwiziyana daga Faransa kan dala miliyan 15, ƙasar ta kusa ninkawa. A 1848, bayan yaƙi da Meziko, yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta kawo Kalifoniya da Nebada da Yuta da wasu yankuna. Daga nan sai ki ɗora layin dogo a kai, shi zai jawo miki sauran.

Yaya Sadiq: Na goyi bayan Malam. Ki sa su karanta dokar layin dogo ta 1862 da kansu. Kamfanoni biyu aka ba aikin: Union Pacific daga Omaha ta nufi yamma, Central Pacific daga Sacramento ta nufi gabas, suka haɗu a Promontory cikin Yuta ranar 10 ga Mayu, 1869. Gwamnati na ba su lamuni a kan kowane mil: dala 16,000 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, 32,000 a tudu tsakanin duwatsu, 48,000 a cikin duwatsun. Ga kuma filaye a gefen layin, yanki ɗaya na kamfani, na kusa da shi na gwamnati, kamar gidajen dara. Ki tambaye su: idan ana biyan ka da tsawon mil, me zai hana ka yi aikin gaggawa mara ƙwari? Hakan kuwa aka yi, an sake gyara wurare da dama daga baya. Badaƙalar Crédit Mobilier da ta fashe a 1872 ma daga nan ta fito, manyan Union Pacific suka kafa kamfanin kwangila mai wannan suna, suna biyan kansu fiye da kuɗin aikin, suna raba wa 'yan majalisa hannun jari.

Anti Rabi: Sadiq, ka tsallake ruwa. Kafin jirgin ƙasa akwai mashigin Erie, hanyar jiragen ruwa da aka haƙa daga 1817 zuwa 1825, mil 363 tsakanin Albany da Buffalo. Shi ya karya kuɗin dako, ya ɗaukaka New York a kan sauran tashoshin jiragen ruwa. Minti goma ya ishe shi, amma kada a bar shi.

Malam Garba: Gaskiya ne, Hajiya. Sai dokar Homestead ta 1862, wadda ta raba wa jama'a filayen gwamnati, a nan za ki daɗe. Sharuɗɗan: mutum ya kai shekara 21 ko ya zama magidanci, a ba shi eka 160, kusan hekta 65. Ya gina ɗaki, ya noma, ya zauna shekara biyar, ya kawo shaidu biyu, kuɗin takardu gaba ɗaya dala 18. Mai gaggawa zai iya saya bayan wata shida kan dala 1.25 kowace eka, kuma ta wannan ƙofar 'yan kasuwar filaye suka riƙa shigowa da mutanen haya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dalilin da ya sa fiye da rabin masu nema ba su kai ga takardar mallaka ba. An auna eka 160 ne da ƙasar gabas mai damina. Da zarar an wuce tsakiyar Nebraska da Kansas, ruwan sama kan gaza inci 20 a shekara, gonar ba ta ciyar da iyali. Babu itacen gini, sai su yanka ƙasa haɗe da saiwar ciyawa su jera kamar tubali, rufin yana zubar da ƙasa, da ruwa ya sauka yana yoyo. Babu itacen shinge, shanun makiyaya na shiga gona, sai da waya mai ƙaya ta Joseph Glidden ta fito a 1874. A shekarar nan kuma fara ta cinye amfanin gona a yankin. A 1909 aka ƙara rabon zuwa eka 320 a busassun wurare.

Baba Idi: 'Ya'yana, duk filin nan da kuke ta rabawa da masu shi. Kada a bari yaro ya fita aji yana zaton daji ne babu kowa. Dokar 1830 ta zamanin Shugaba Andrew Jackson ta kori ƙabilun 'yan asalin ƙasar na kudu maso gabas zuwa hayin kogin Misisifi, kuma a korar ƙabilar Cherokee ta 1838 an ƙiyasta mutum 4,000 sun mutu. Ɓaunar da ƙabilun filayen yamma ke rayuwa da ita, miliyoyi ce, amma kafin 1890 ba ta kai dubu ba a daji. Dokar Dawes ta 1887 ta yayyanka ƙasar ƙabila zuwa gonakin ɗaiɗaiku, aka sayar da abin da aka kira rara. Filayen ƙabilun daga eka miliyan 138 suka koma miliyan 48 a 1934. Wannan ya cancanci darasi guda cikakke.

Malama Hadiza: Na rubuta, Baba, Allah ya ƙara girma. To masana'antu da baƙi fa?

Yaya Sadiq: Daga dogon za ki shiga. Ƙarfen dogo na farko yana saurin cinyewa, shi ya sa kasuwar ƙarfe mai tauri ta buɗe. Hanyar Bessemer ita ce a hura iska cikin narkakken ƙarfe ta ƙone dattin cikin ɗan lokaci, da ita Andrew Carnegie ya buɗe masana'antarsa kusa da Pittsburgh a 1875. Ki kula, yara kan haɗa dokar Homestead da yajin aikin Homestead na 1892, alhali wannan sunan gari ne a Pennsylvania inda wata masana'antar Carnegie take.

Anti Rabi: Baƙi kuma ki bi su ta aikin da suka yi. 'Yan Ayilan da yunwar dankali ta koro daga 1845 da tsofaffin sojoji sun cika layin Union Pacific. Central Pacific kuwa mafi yawan leburorinta 'yan Sin ne, fiye da dubu goma, su suka huda duwatsun Sierra Nevada, albashinsu bai kai na Turawa ba, abincinsu kuma daga aljihunsu. Shekara 13 bayan kammala aikin, a 1882, aka kafa dokar hana leburorin Sin shigowa, ba a soke ta ba sai 1943. Bayan 1880 zubin ya koma Italiya da gabashin Turai. Tashar tantance baƙi ta Tsibirin Ellis a New York ta buɗe a 1892, kimanin mutum miliyan 12 suka bi ta nan, kusan kashi 2 cikin ɗari aka mayar, galibi saboda cuta irin amosanin ido ko zargin ba za su iya ciyar da kansu ba.

Malam Garba: Idan za ki ba su aikin gida, takardun fasinjojin Ellis suna intanet kyauta. Kowane yaro ya ɗauki shafi ɗaya ya fitar da shekarun mutum, sana'arsa, kuɗin da ke hannunsa da garin da zai nufa. Amma kada ki tura su neman takardun ƙidayar 1890, gobara ta lalata mafi yawansu a 1921. Su yi amfani da na 1880 ko 1900.