Aure da suna sun cinye mini Asabar da Lahadi, yaushe zan huta?

Maman Nana, Yamai:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wani biro a cikin gari, gidana kuwa yana Harobanda, saboda haka kullum sau biyu nake tsallaka gadar Kennedy cikin cunkoso. Kafin in fita sai na shirya yara uku, idan na dawo kuma girkin dare yana jirana. Asabar da Lahadin da nake sa rai a kansu, aure da suna da foyandi (taron wuni na mata) sun cinye su. Makon jiya barci ya sace ni a kan sallaya da carbi a hannuna, ban farka ba sai da kiran asuba. Ta yaya mace za ta huta ba tare da dangi sun ce ta yanke zumunci ba?

Hajiya daga Tawa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Na daɗe cikin irin wannan hali kafin na gane cewa ba kowace gayyata ce ke buƙatar wuni ba. Ta'aziyya da dubiyar marar lafiya ba na wasa da su. Biki kuwa, da hantsi nake zuwa, in gaida uwar biki, in damƙa mata gudummawata, in koma ɗakina kafin azahar. An yi ƙorafi da farko, har wata ƙanwata ta yi wata guda ba ta kira ni ba, amma daga baya kowa ya saba. Ki keɓe yammacin Juma'a, ki kashe salula, ki sa lalle idan kina so, kada ki ɗora wani aiki a kansa.

Wani ma'aikacin jinya, unguwar Wadata:
Yaya, barcin da ya kayar da ke a kan sallaya bashi ne jiki yake bin ki. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7 a dare, kuma yawan tauye barci yana da alaƙa da hawan jini, wanda yakan daɗe bai nuna alama ba. Ki je a auna ki. Ki bar shayi mai ƙarfi bayan magariba, domin yana hana barci nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar minti 30 sau biyar, idan rana ta yi sanyi.

Baban Abdu, Yamai:
Malama, ban ga maigida a cikin lissafinki ba. Lokacin da Abdullahi ɗan Amr ya tsananta wa kansa da azumi da sallar dare, Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa jikinsa yana da hakki a kansa. Idan ibada ma an yi mata iyaka saboda jiki, ina ga hidimar gida? A gidana cefane da kai yara makaranta suna wuyana.

Maman Nana:
Na gode muku ƙwarai. Akwai sunan 'yar maƙwabciyata ranar Asabar, da shi zan fara gwada shawarar Hajiya. Maganar cefane kuma yau da dare zan tayar da ita.