Shin ɗaga nauyi ya dace da dattijo mai shekara 72?

Ɗan Auta ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana game da mahaifinmu, wanda ya kai shekara 72 kuma yake da hawan jini da ciwon suga, ko da yake yana shan magani a kan kari. A 'yan shekarun nan ya koma yin salla a kan kujera domin tasowa daga sujada tana yi masa wuya, kuma ko daga kan tabarma sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Likitansa ya ce ya fara atisayen ƙarfafa tsoka, har da ɗaga ɗan nauyi, amma yayyena sun ƙi amincewa, suna ganin hutu ne ya kamaci mai irin shekarunsa. Shin akwai amfani a ciki, ko kuwa wahalar da tsoho ne kawai?

Likitar Fisiyo (mai kula da lafiyar tsoka da gaɓoɓi ta hanyar atisaye) ta amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Yayyenka tausayi ne ya sa su faɗin haka, sai dai yawan zaman da suke so ya yi yana daga cikin abubuwan da ke cinye masa ƙarfi. Tsokar mutum takan fara raguwa tun bayan shekara 30, raguwar ta ƙara sauri bayan 60, kuma cinyoyi da ɗuwawu, waɗanda su ne ke ɗaga mutum daga zaune, suna cikin wuraren da abin ya fi bayyana.

Abin da ya sauya tunanin likitoci shi ne binciken da Maria Fiatarone da abokan aikinta suka wallafa a 1990, wanda suka yi a wani gidan kula da tsofaffi a Boston ta Amurka. Mutum 10 ne masu shekara 86 zuwa 96 suka yi atisayen ƙafa da nauyi na tsawon mako 8, kuma ƙarfin ƙafafun waɗanda suka kammala ya ninka fiye da sau biyu. Adadin ba shi da yawa, amma binciken da suka sake yi a 1994 da mutum 100 ya tabbatar da sakamakon. Ga mai ciwon suga akwai ƙarin riba, domin tsoka ce ke zuƙe mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan cin abinci. Haka kuma ƙashi yakan riƙe ƙwarinsa idan ana ɗora masa nauyi, abin da ke da muhimmanci ga iyayenmu mata bayan ɗaukewar al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

Baban Yara ya amsa:

Likita, ban musa ba, amma kakanninmu ba su san ɗaga ƙarfe ba, kuma sun tsufa da ƙarfinsu. A ganina idan dattijo yana tattaki zuwa masallaci sau biyar a rana, ya wadatar.

Likitar Fisiyo ta sake amsawa:

Malam, kakannin namu ai nauyin suke ɗagawa: suna huɗa da garma, suna jan guga daga rijiya, suna ɗaukar dami, matan kuma suna daka a turmi. Dattijon birni na yau ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tattaki yana da kyau ƙwarai ga zuciya, kada a daina, amma ba ya matsa wa tsoka yadda za ta ƙaru. Ba sai an je gidan motsa jiki ba. Baba ya zauna a kujera mai ƙwari da aka jingina da bango, ya miƙe, ya sake zama a hankali ba tare da ya faɗa ba, sau 8 zuwa 12, ya huta, ya maimaita. Da farko ya dafa hannun kujerar. Idan ya saba, ya harɗe hannuwansa a ƙirji. Daga baya ya rungumi gorar ruwa, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ƙara nauyin kaɗan-kaɗan shi ne ke kawo ci gaba.

Uwar Biyu ta amsa:

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ina so a kula da hawan jinin. Kada Baba ya riƙe numfashi yayin yunƙuri, domin hakan na harba jini sama nan take. Ya fitar da iska lokacin da yake miƙewa. Idan an auna an ga jinin ya hau sosai, a ɗaga atisayen zuwa wata rana, kuma kada ya yi shi da yunwa idan yana allurar insulin ko yana shan maganin da ke saukar da suga da ƙarfi. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, amma ciwon ƙirji, jiri, ko kumburin gwiwa dalili ne na tsayawa a koma asibiti. A kuma duba abincinsa, domin koko da tuwo kaɗai ba sa gina tsoka: a haɗa masa da wake, ƙwai, kifi, awara ko nono, sai dai idan yana da matsalar ƙoda, wanda a nan likitansa ne zai ƙayyade masa adadin.