Sai bango ya tsage: karin maganar ta hau ƙwallon Oregon ko ba ta hau ba?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum. A raba mana gardama ni da ƙanena mai karatu a Amurka, shi ya koya mini kallon ƙwallon jami'o'insu, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga. A Oktoban 2024 Oregon na gaban Ohio State da maki 32 da 31, saura daƙiƙa 10. Ohio na son matsowa su buga tsakanin sanduna su ci maki 3. Sai Oregon ta sa mutum 12 a fili maimakon 11. Alƙali ya jefa ƙyallensa, aka ci su tarar yadi 5, amma daƙiƙa 4 sun riga sun tafi, ba a mayar ba. Shidan da suka rage ba su ishi Ohio ba. Na ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron nan ya ce na ajiye maganar ba a muhallinta ba.

Gwaggon Yara: Ƙanenka ya fi ka gaskiya, Malam. Mu dai mun taso ana faɗinta kan zumunci. Miji da mata sun saɓa, ko wa da ƙane, sai munafuki ya samu ƙofa. Tsagewar ɓaraka ce tsakanin mutane. Wa ya saɓa da wa a nan?

Ɗan Tudun Wada: Gwaggo, ai doka ma bango ce. Tarar ta fi laifin arha, shi ne tsagewar. Kocin Oregon Dan Lanning ya lissafa: yadi 5 zai bayar, ya sayi daƙiƙa 4. A ƙarshen wasa lokaci ya fi fili tsada. Kuma kwanaki kaɗan bayan nan hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, ta fito da gyara, cewa a minti biyun ƙarshe wanda aka yi wa haka zai iya neman a mayar da agogo. In ba tsaga, me suka yaɓe?

Tsohon Malamin Firamare: Ɗana, karin magana tana miƙewa, ban hana ka ba. Abin da ban so shi ne taka ta wanke ƙadangare tas, ta bar magini da laifi. Wadda ta dace ita ce: in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ka ga ta fara kiran ɓera da sunansa kafin ta waiwayi daddawa.

Mai Shayin Kwana: Baba, a yi mini afuwa, sata fa a ɓoye ake yin ta. Wannan a gaban alƙali ya yi, aka yanka masa tara ya biya. Ni wanda zan kira ɓera shi ne Colorado a 1990. Doka yunƙuri huɗu ta bayar na matsawa gaba da ƙwallo, alƙalai suka ɓata lissafi suka ba su na biyar, da shi suka ci Missouri 33 da 31, suka riƙe abinsu har suka raba kambun shekarar da Georgia Tech.

Tsohon Malamin Firamare: Can kuwa ta Ɗan Tudun Wada ce ta hau, don alƙalan ne suka tsage, ƙadangare ya tarar da ƙofa a buɗe. Amma a 1940 irin haka ta faru da Cornell a wasansu da Dartmouth. Da aka duba hoton wasan aka ga yunƙuri na biyar ne, su da kansu suka mayar da nasarar, aka rubuta Dartmouth 3, Cornell 0.

Gwaggon Yara: To wannan ƙadangaren ya shiga ya fito da baya ke nan. Ni dai a gidanmu kan kishiyoyi nake jin ta.

Ɗan Tudun Wada: Na tura wa yaron duka. Ya ce ya yarda da ta daddawa, wai amma kar in manta shi Oregon yake goya wa baya.